Manomin da Tsuntsaye Suka Ƙi Tsaya Masa

Akwai wani manomi a wani ƙauye wanda ya shekara arba'in yana yaƙi da tsuntsaye. Da gero ya fara ido, sai ya fita da majajjawa da igiyar gwangwanaye, ya wuni yana ihu. Matarsa kuwa ba haka take ba. In ta gama surfe takan bar ɗan tsaki a gindin turmi, tsuntsaye su sauko su ci, ita tana ta aikinta.

Sai ya zama, bayan girbi, matar ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Mai ɗori ya ce wata uku ba tashi. Aka kwantar da ita a ɗaki mai ƙaramar taga. Tun tana hira har ta yi shiru. A kawo tuwo, ta yi loma biyu ta ture kwano. Ta kama ramewa, hankalin mijin ya tashi.

Ya ce mata, "Maman Rifkatu, me ranki yake so? Nama? Kifi? Faɗi kawai."

Ta ce, "Tsuntsayena nake so in gani."

To, 'yarsu Rifkatu da ke aikin jinya a birni ta aiko masa da waya mai ɗaukar hoto tun bara. Mutumin ya bugi ƙirji ya ce, "Shi ke nan? Kafin rana ta take tsaka zan kawo miki su."

Ga shi kuwa, da aka gama girbi ya tuɓe tsohuwar jar rigarsa daga jikin mutum-mutumin da ya kafa a gona, gama shi ba ya barin tufa ta lalace a banza. Ita ya saka ya fita. Ya hango kurciya a kan reshe, ya nufe ta gadan-gadan, ya ɗaga hannu sama da waya. Fir, ta tashi. Ya bi balbela har rafi. Ya kori cilakowa daga wannan itace zuwa wancan. Da gumi ya ishe shi sai ya daka tsawa, "Ku tsaya mana! Hoto ne kawai!"

Kwana uku yana haka. A na huɗu ya kai mata wayar, kansa a sunkuye. Ta duba. Reshe, ba kowa a kai. Sararin sama. Babban yatsansa. Sai wutsiyar kurciya guda a can gefe.

Ta ce, "Maigida, wannan yatsa ai na san shi, ba sai an ɗauko mini hotonsa ba." Ta ɗaga ido ta ƙare masa kallo. "Tsaya. Wannan ba rigar mutum-mutumi ba ce?"

Ya ce, "Riga ce mai kyau."

Ta yi dariya har ta dafe ƙugu. Ta ce, "Damina guda rigar nan tana tsorata su. Kai kuma ka ɗaga hannu yadda kake ɗaga majajjawa. Wa zai tsaya maka? Ko ni ce tsuntsuwar, da tuni na kai Kamaru. Cire ta. Ka zuba tsaki a gindin turmina, ka sa ruwa a kasko. Ka zauna a ƙasa, rana a bayanka, waya a kan gwiwarka. Bakin nan kuma ka rufe shi."

Ya yi yadda ta ce. Ranar farko ba wanda ya zo. Rana ta biyu hankaka ya leƙo daga kan katanga, ya ga ko wane ne, ya juya. Rana ta uku ƙafarsa ta mutu, tururuwa na cizonsa, bai motsa ba. Sai wata 'yar jar tsuntsuwa, wadda ake ce wa baiwar Allah, ta dira a bakin kasko. Ta sha ruwa. Kurciyoyi biyu suka biyo ta. Ya danna a hankali.

Da matar ta ga hoton sai ta ce, "Ashe kurciyar nan mai ɗingishi tana raye! Duba yadda ta yi ƙiba ba ni." Ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta ce, "Ina tuwon nan? A ƙara miya."

Yanzu ga ma'anar misalin, kuma ba zan sa mata zuma ba. Manomin nan mu ne, iyaye da dattawan ikkilisiya. Tsuntsayen kuwa 'ya'yanmu ne, da duk wanda muka kora da baki. Shekara da shekaru yaro bai ji komai a wurinka ba sai tsawa. Yarinya ta yi kuskure, kika tsinka ta a gaban zumuntar mata. Yau kun ga kujeru ba kowa, sai ku ɗauki Littafi Mai Tsarki ku bi su a guje, kuna cewa, "Ku tsaya, alheri na kawo!" Gaskiya ne, alheri ne a hannunku. Amma fuskar ita ce ta jiya, muryar ma ita ce, kuma ba su manta ba.

Kada wani ya ce mini ya gwada sau ɗaya bai yi ba. Sau nawa Ubangiji ya jira ka? Da tsawa ya jawo ka, ko da haƙuri?

Kowa a cikinku ya san sunan wanda ya kora. Makon nan ka je ka gaishe shi. Kada ka yi wa'azi, kada ka tono laifi. Ka tambayi lafiyarsa, ka zauna, ka bar shi ya yi magana. In bai kula ka ba, ka tashi da fara'a, jibi ka koma.