Bangon da Aka Rufe da Siminti

An yi wani magidanci wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa gidan ƙasa. A cikin gidan akwai soro ɗaya inda tsohuwarsa take kwana, mai sanyi da bazara, mai ɗumi lokacin ɗari. Mijinta ne ya gina shi da hannunsa, ita kuwa ba ta da sauran buri sai ta ƙarasa kwanakinta a ciki.

Amma ginin ƙasa yana son kulawa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, sai an kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bi bango ana liƙe tsaga, a share indararon da ke zubar da ruwan rufi. Aikin nan ya ishi mutumin. Maƙwabta duk sun yi ginin bulo, shi kaɗai ne kullum hannu dumu-dumu da laka.

Sai ya ce, "Inna, bana zan shafe bangon nan da siminti, mu huta da yaɓe."

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ƙasa tana shan ruwa, in rana ta fito ta fitar da shi. In ka rufe ta, ta ina za ta bushe?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna ke nan! Ai zamani ya wuce nan."

Ya shafe bango, ya yi masa fenti fari fat. Masu wucewa suna ta cewa, "Kai, gida ya yi kyau!" Daga nan bai ƙara hawa rufi ya duba ba.

Wayyo, ashe ruwa ya sami 'yar kafa kusa da indararo. Damina bayan damina yana tsiyaya bayan simintin, ba hanyar fita. Ran nan da hantsi, tsohuwa tana tsakar gida tana tsince wake, sai rugum! Bangon soron ya zube, rufi ya biyo shi. Mutumin ya sheƙo daga gona, ya cusa hannu cikin ɓaraguzan, ya ji ƙasar ta zama kamar kunu. Fentin kuwa yana nan fari fat.

Tsohuwa ta rasa wurin kwana. Aka kai ta wurin 'yarta a wani gari kafin a sake gini, can ta rasu tun kaka ba ta yi ba. Mutumin ya yi kuka mai zafi, yana cewa, "Da na sani, da na ci gaba da laka!"

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Bangon nan zuciyarka ce. Yaɓen shekara shi ne tuba: ka kawo tsagarka gaban Ubangiji, ka bar haskensa ya shiga. Simintin kuwa shi ne kyakkyawar rigar Lahadi da "lafiya lau" da muke rufe zunubi da su. Allah ba ya duban fenti, zuciya yake dubawa. Ka tuna kuma, ran da bangonka ya faɗi, ba kai kaɗai za ka rasa wurin kwana ba.