Mutumin da Ya Ƙara wa Gaskiya Gishiri

A wani ƙauye akwai wani magidanci, mutumin kirki, mai faran-faran da jama'a, ba a biki ko makoki ba tare da shi ba. Aibinsa guda ne: labari ba ya bi ta bakinsa ya fita yadda ya shiga. In ya ga ɗan maciji a hanyar gona, kafin ya iso ƙofar gida ya zama mesa. Mutane sun san halinsa, su yi dariya su ce hirarsa ta fi ta kowa daɗi. Shi ma bai ɗauki abin a bakin komai ba, don a ganinsa ɗan gishiri kawai yake ƙarawa.

Yana da wani amini tun suna yara. Wata shekara ciwo ya kwantar da aminin, har ta kai sai ya sayar da gonarsa ta bayan gari don neman magani. A tsakiyar gonar kuwa akwai wata babbar ɗorawa da ya gada wurin mahaifinsa. Matarsa ce ke kaɗe ta duk bazara, ta sayar da garin, ta dafa kalwar ta yi daddawa. Miyar gidan daga itacen nan take fitowa, haka sabulu, haka takalman yara.

Ranar ciniki suka tsaya su huɗu a inuwar itacen: mai sayarwa, mai saye, magidancin nan, da wani tsoho maƙwabcin gona. Mai sayarwa ya dafa gindin ɗorawar ya ce, "Ƙasa na sayar, ban sayar da wannan ba. Wannan ta uwar 'ya'yana ce, ko ina raye ko ba na raye." Mai saye ya ce ya yarda. Aka sha hannu, aka watse. Ba wanda ya ce a rubuta, domin kowa ya san kowa, kuma a wajensu ba baƙon abu ba ne gona ta zama ta wani, itacen da ke cikinta na wani.

Magani bai yi ba, aminin ya rasu. Bayan 'yan shekaru tsohon ma ya bi shi. Gwauruwar ta ci gaba da zuwa gindin ɗorawarta, da ita take riƙe marayunta.

Sai wata shekara kalwa ta yi tsada, mai gonar ya ɗaga kai ya ga yadda itacen ya yi 'ya'ya, idonsa ya rufe. Ya sari ƙaya ya kewaye wurin. Da matar ta zo da dogon goranta da kwando, ya tsaya a bakin shingen ya ce shi gona ya saya da duk abin da ke cikinta, ta koma gida. Ta juya ta tafi tana share hawaye da bakin zane. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari. Amma kafin labarin ya kai bakin rijiya an ce ya ture ta, kafin ya kai mahauta an ce har ta faɗi ta gurje gwiwa. Magidancin namu ba ya gari ranar, ya tafi cin wata kasuwa. Da ya dawo ya tarar da labarin ya riga ya yi ƙiba, ya haɗiye shi haka nan, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Dattawa suka nemi sulhu, mai gonar ya ƙi. Mai unguwa ya kira shi, ya kafe a kan bakansa. Sai matar ta kai ƙara kotu. Aka gaya mata tunda ita ta kawo ƙara, ita za ta kawo shaida. Cikin waɗanda suka ji maganar mijinta, ban da wanda take ƙara, mutum ɗaya ne ya rage a duniya.

Ta je ta same shi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baban Damaris, kai kaɗai ka rage mini. Ka faɗa wa alƙali abin da amininka ya ce a gindin itacen nan, shi ke nan."

Ya bugi ƙirji ya ce, "Maman Kefas, kwantar da hankalinki. In dai bakina ne, ɗorawa ta dawo hannunki."

Ranar shari'a ya sa babbar rigarsa suka kama hanya. Yana tafe yana juya maganar da zai faɗa, sai ya ga ta yi masa kaɗan. Ya ce a ransa, yanzu mutum ya baro aikinsa ya zo gaban alƙali, ya faɗi 'yar magana da ba ta cika baki ba? Kuma alƙalin nan baƙo ne, bai san irin mugun da yake shari'a da shi ba, ya kamata a nuna masa. Bai ga kansa maƙaryaci ba ko kaɗan. Ai duk gari haka suke faɗa, kuma don marayun amininsa zai yi.

Da suka isa, aka ce shaidu su jira a waje, kamar yadda ake yi don kada wani ya ji maganar wani ya ɗora tasa a kai. Ya zauna a kan benci yana jira. Saboda haka bai ji abin da ya gudana a ciki ba. A ciki kuwa matar ta faɗi ƙararta, alƙali ya tambaye ta ko mutumin ya taɓa ta ranar da ya hana ta shiga. Ta ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ƙaya ya sa, ya ce in tafi. Amma hannunsa bai taɓa ni ba."

Aka kira magidancin, aka rantsar da shi. Ya faɗi ranar ciniki tiryan-tiryan: waɗanda suka tsaya, inda kowa ya tsaya, yadda marigayin ya dafa itacen, abin da ya ce, da amsar da mai saye ya bayar. Alƙali yana rubutu yana gyaɗa kai. Mai gonar ya sunkuyar da kai. Duk wanda ke ɗakin ya ga inda shari'a ta nufa. Da ya yi shiru a nan, da matar ta koma gida da itacenta.

Alƙali ya tambaye shi ko akwai sauran magana. Ya gyara tsayuwa, ya ce akwai. Ya ce da idonsa ya ga mutumin nan ya ture baiwar Allah ta faɗi a kan ƙaya, har shi ne ya ɗaga ta.

Alƙali ya ajiye alƙalami ya dube shi, ya ce, "Matar da ka zo dominta ta faɗa mini yanzu da bakinta cewa bai taɓa ta ba. Ina kake a ranar?"

Magidancin ya waiwaya ya dubi matar, ta sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali ya je kasuwa ne, amma haka ya ji ana faɗa.

Alƙali ya ce, "Ba ji ka ce mini ka yi ba, gani ka ce. Mutumin da ya rantse ya ga abin da bai gani ba, yaya zan tabbata ya ji abin da ya ce ya ji?"

Ya shiga rantse-rantse cewa maganar farko gaskiya ce, kuma gaskiyar ce. Amma ya riga ya zubar da ita da hannunsa. Alƙali ya ce ba zai iya ƙwace itace daga gonar mutum a kan maganar shaida ɗaya da aka kama da ƙarya a gabansa ba, ya kori ƙarar. Ya kuma ja masa kunne cewa ƙarya bayan rantsuwa laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, furfurarsa ce ta cece shi yau.

Suka kamo hanyar gida, tana gaba yana baya. Hanyar kuwa ta gefen gonar ta bi. Ga ɗorawa can ta yi nauyi da 'ya'ya, ga ƙaya kewaye da ita. Matar ta tsaya ta daɗe tana kallonta. Sai ya matso ya ce ta yafe masa, don ita ya yi.

Ta ce, "Na sani, Baban Damaris. Amma abin da ka ji da kunnenka ya ishe ni. Shi kaɗai na roƙe ka."

Tun daga wannan shekara, in za ta yi daddawa sai ta sayi kalwa a kasuwa. Wani lokaci ma daga hannun matan mai gonar take saya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Magidancin nan ba wani baƙo ba ne, ni ne da ku. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa Allah ya hana shaidar zur, sai muka ɗauka mai shaidar zur shi ne mugun da aka ba toshiya don ya cuci wani. Wannan mutum bai karɓi ko goro ba. Ƙauna ce ta kai shi kotu. Amma ƙaryar da aka yi don taimako ƙarya ce, kuma kun ga wadda ta fara cuta. Abin da ya ci shi shi ne bai yarda gaskiya za ta iya tsayawa da ƙafarta ba, ya ga sai ya tokare ta. Ni kuwa ina gaya muku ba tare da shakka ba, tana iyawa. Ubangiji mai kāre gwauraye da marayu ba ya bukatar ƙaryarmu kafin ya yi aikinsa.

Wata rana za a kira ka shaida, ko a kotu, ko ofishin 'yan sanda, ko zauren mai unguwa, ko gaban dattawan ikilisiya. Kafin ka buɗe baki, ka ware abin da idonka ya gani da kunnenka ya ji a wurin, daga abin da ka tsinta a bakin mutane. Na farko shi ne shaida. Na biyu labari ne, ko da duk gari na faɗarsa. In an tambaye ka abin da ba ka gani ba, ka ce ban gani ba. In ka manta, ka ce na manta. Wasunmu gani suke faɗin "ban sani ba" zubar da girma ne, alhali cikakkiyar amsa ce, kuma ita ke sa a yarda da sauran maganarka. Alƙali ba ya wurin da abin ya faru, da idonka yake gani. In ya kama ka da ƙarya ɗaya, sai ya shiga shakkar duk abin da ka faɗa.

Ku kuma lura da inda bakinsa ya kusa kai shi. Rigimar ta mallakar itace ce, irin shari'ar da ake raba wa mutane haƙƙi, ba wanda za a ɗaure. Shi da ya shiga a matsayin mai taimako, saura kaɗan ya fito a matsayin mai laifi.

Na san akwai mai cewa a ransa, ai da matar ma ta ce an ture ta, da bakinsu ya zo ɗaya, da sun ci. Kada ka bar wannan tunani ya kwana a zuciyarka. Da ta yi haka, da an ɗora wa mutum laifin duka da bai yi ba, da kuma ta ciyar da marayunta da rantsuwar ƙarya. Ba gaskiyarta ce ta raba ta da ɗorawa ba, gishirinsa ne. Shi kuma mai gonar kada ya yi murna da yawa. Kotu ba ta ce shi ke da gaskiya ba, cewa ta yi ba a tabbatar ba. Akwai Wanda yake gindin itacen nan ranar ciniki, na biyar ɗinsu, kuma shi ba ya mutuwa, ba ya mantuwa.

Mutanen huɗun nan ma suna da nasu sakacin. In kun yi yarjejeniya a kan gona, ko fili, ko itace, ku rubuta, kowa ya sa hannu, ku kira har da matasa su shaida, domin shaidu suna tsufa suna mutuwa. Rubutu ba rashin yarda ba ne, tausayin waɗanda za ku bari ne. Wanda kuma shari'a ta kayar yana ganin da gaskiyarsa, ya nemi masanin doka da wuri ya ji ko akwai damar ɗaukaka ƙara, don ƙofar ba ta daɗewa a buɗe.

Bari in taɓo mu nan cikin ɗakin sujada, tunda mu ma shaidu ne na abin da Ubangiji ya yi mana. Lokacin ba da shaida ya yi, ɗan'uwa ya miƙe. Ciwon kai ya yi ranar Talata, amma kafin ya gama magana har likitoci sun cire rai da shi. Muna tafi muna murna, maƙwabcinsa kuwa da ya gan shi yana cin tuwo a ranar yana zaune a baya yana ji. Gobe in ka gaya wa maƙwabcin nan ainihin abin da Allah ya yi, zai gyaɗa kai kawai, don ya riga ya kama mu sau ɗaya. Wannan yana ba ni baƙin ciki, domin abin da Allah ya yi mana da gaske ya isa a faɗa.

Saboda haka duk ranar da aka ce ka faɗi abin da ka sani, ka ji harshenka yana ƙaiƙayin ƙari, ka tuna da matar nan tsaye a bakin ƙaya tana kallon itacen da mijinta ya bar mata. Akwai wanda abincin 'ya'yansa yake rataye a bakinka. Ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da ka ji, sa'an nan ka yi shiru.