Gida Ɗaya, Akwati Biyu

Akwai wani maigida da Allah ya buɗa wa, ya gina gida irin na zamani. Ƙofar gidan, da fitilu, da fanka, da famfon ruwa, duk da wayarsa yake sarrafa su. Abin da ke haɗa su da wayar wani ɗan akwatin waifai ne da aka kafa a bangon falo, wanda masu sana'ar ke kira rauta.

Mutumin nan yana da mahaifiya tsohuwa, ƙafafunta sun yi rauni. Ya ɗauko ta daga ƙauye, ya gina mata ɗaki a can bayan gida. Ya kuma saya mata wani maɓalli da take ratayawa a wuya, ya ce, "Inna, duk sa'ad da kike bukatata, danna wannan kawai. Wayata za ta yi ƙara, ko ina nake zan zo."

To, gidan yana da faɗi, ƙarfin akwatin falo bai kai ɗakin tsohuwar ba. Sai aka kafa akwati na biyu a baya, aka ɗora masa maɓallin Inna, da makullin ƙofarta, da fankarta. Kowane akwati da nasa shafin a cikin wayar. Da aka zo haɗa su da batirin sola, sai aka tarar batirin ya cika da kaya, dole a sauke wani abu. Maigidan ya dubi na'urar sanyaya falo, ya dubi babbar talabijin, ya ce, "A bar akwatin baya a kan wutar gari tukuna. Zan ƙaro batir."

Kwanaki suka yi ta wucewa, tukunan nan kuwa ba ta ƙare ba.

Wata Asabar da rana, matarsa ta tafi biki da yara, shi kuma ya yi baƙi, manyan mutane daga ikkilisiya. Ya zaunar da su a falo, sanyi yana ratsa su, ya shiga nuna musu abin mamaki. Ya taɓa waya, labule ya ja kansa. Ya sake taɓawa, ƙofar waje ta buɗe ta rufe. Baƙi suna ta jinjina kai, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

A cikin baƙin akwai wata dattijuwa, Gwaggo Kande, ƙawar mahaifiyarsa tun suna 'yan mata. Ita labule bai dame ta ba. Ta ce, "Ɗana, kai ni in gai da Inna."

Ya ce, "Tana hutawa, Gwaggo. Da tana son wani abu, da wayata ta faɗa mini." Ya juyo mata da wayar ta gani. Komai kore ne, alamar lafiya lau. Amma shafin akwatin falo ne yake nuna mata, shi kaɗai ya saba buɗewa.

Gwaggo Kande ta ce, "To, madalla. Ni dai zafin nan ne ya sa na tuna da ita. Tun sassafe aka ɗauke wuta a unguwar nan, ba ka jin janaretan maƙwabta?"

Ya kasa kunne. Ga ƙarar janareta nan kuwa, ta ko'ina. Shi bai san an ɗauke wuta ba, gama falonsa bai taɓa yin duhu ba. Sai ya tuna da batirin da bai ƙaro ba. Ya lalubo shafin akwatin baya. Shafin ya buɗe, babu kore ko ɗaya. Akwatin a mace yake tun safe.

Ya bar baƙi a zaune, ya fita a guje, ko takalmi babu. Ya isa ƙofar ɗakin, ya murɗa, a kulle. Ya danna waya domin ta buɗe, ina, makullin ma a kan mataccen akwatin yake. Mabuɗin hannu kuwa yana cikin jakar matarsa.

"Inna!" Ya buga ƙofa. "Inna, ni ne."

Shiru. Ya manna kunnensa a jikin ƙofar. Can ya ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Ya gane sautin. Maɓallin ne ake dannawa.

Ya sa kafaɗa ya bangaji ƙofar, ta ƙi. Ya ruga ya ɗauko taɓarya a madafa, ya yi ta dukan makullin mai tsada har ya farfashe. Ɗakin kamar tanda don zafi. Ga Inna a ƙasa, a bakin banɗaki inda santsi ya kwashe ta, leɓunanta sun bushe, babban yatsanta yana kan maɓallin.

Ya durƙusa ya tallafo kanta, yana kuka kamar yaro. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube shi, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Na yi ta kira, ɗana. Sai na ce ƙila baƙi gare ka."

Inna ta rayu, amma ƙashin ƙugunta ya karye, kwanciyar da ta daɗe a ƙasa kuma ta ƙara ɓata abin. Ba ta sake taka ƙafarta ba. Washegari maigidan ya sayo batir, ya haɗa akwatunan biyu a kan sola. Aikin bai kai tsawon cin tuwo ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, kada kowa ya waiwayi na kusa da shi, da kai nake. Gidan nan rayuwarka ce. Akwatin falo shi ne abin da mutane ke gani: rigar Lahadi, da muryarka a ƙungiyar mawaƙa, da gaisuwar da kake yi wa fasto hannu bibbiyu. Akwatin baya shi ne amanar da Ubangiji ya danƙa maka inda ba mai tafa maka: iyayenka, da matarka, da 'ya'yanka, da addu'arka ta ɓoye. Batirin kuwa ƙarfinka ne da lokacinka. Ba ya isar komai, shi ya sa kowa yake zaɓen abin da zai ɗora a kai.

Mutumin nan ba mugu ba ne, yana ƙaunar uwarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya raba gidansa biyu, ya ba rabin da ake gani dukan ƙarfinsa, sa'an nan ya riƙa duba wannan rabin yana cewa lafiya. Haka zuciya take yi mana, shafin da muke so take buɗe mana. Allah kuwa ba a falo yake tsayawa ba, har ɗakin baya yake shiga.

Saboda haka in an tashi sujada yau, kada ka tsaya dogon surutu a bakin coci. Ka tafi da ƙafarka, ka ƙwanƙwasa ƙofar da ka daɗe ba ka ƙwanƙwasa ba. Shirun da kake ji daga can ba lalle lafiya ba ne. Wataƙila wani yana ta kiranka tun safe, yana kuma ba ka uzuri.