Barmo da Rijiyar da Ba Ta da Murfi

A can zamanin da, tun ana farautar jimina da ƙafa a arewacin Damargu, an yi wani maharbi mai suna Barmo. Bahaushe ne daga ƙasar gero, amma gona ba ta taɓa ganin guminsa ba. Tsofaffin da suka riƙe tarihinsa sun ce siriri ne, baƙi wuluk, mai 'yar ƙaramar murya, irin mutumin da in ya shigo kasuwa ba wanda zai matsa masa. Amma in ya ɗaura kan tsuntsun burtu a goshi don ɓad da kama, ya durƙusa a daji, barewa kan zo ta yi kiwo a gefensa, mariri kuma ya bi shi kamar akuyar gida. Maroƙa na yi masa kirari: Barmo baƙon kowace inuwa, mai kwana inda jimina ta gaji, kibiyarka ba ta dawowa da kunya!

Aibinsa ɗaya ne, ƙafarsa ba ta zama. Duk garin da ya kwana, kafin a gama dama masa fura ya fara kallon hanya. Haka ya yi ta yin arewa har gawo ya ƙare, ƙaya ta ƙare, ya shiga ƙasar da tuddai ke tafiya. A can rairayi fari ne da hantsi, ja ne da la'asar, kuma tudun da ka bari a hannun dama bana, baɗi a hagu za ka same shi. Babu kukan tsuntsu, babu muryar kowa, sai wani amo da yashi ke yi in yana gangarowa, kamar ana kaɗa ganga a ƙarƙashin ƙasa. Barmo ya ji ƙasar ta kwanta masa a rai.

A gindin duwatsun Azbin ya tarar da wani dangi na Azbinawa cikin baƙin ciki, domin wani zaki ya saba saukowa yana ɗauke musu 'ya'yan raƙuma. Barmo ya ɗauki bakansa. Ya hau dutse da safe, ya sauko da yamma yana jan fatar. A cikin matan da suka fito kallo akwai Tekna, ƙanwar shugaban dangin, doguwa mai shuni a yatsu, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ka kashe shi? Na zaci babba za a aiko mana."

Ya ce, "Babban yana tafe. Ni aka ce in fara ragewa."

Ta yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ɗaure shi. Kafin ciyawar damina ta bushe an ɗaura musu aure.

To, a al'adarsu ɗaki na mace ne. Laima ce ta fatun awaki da aka jeme aka rina ja, uwar amarya da ƙawayenta ke ɗinka ta, mata ke kafa ta, mata ke naɗe ta. Namiji komai tsawon takobinsa baƙo ne a ciki, ran da aka gaji da shi sai ya nemi gindin dutse. Da wani ne da ya ji haushi, amma Barmo abin ya yi masa daidai. Ga ɗaki, ga tafiya, ga mace mai ba shi dariya, kuma duk inda taguwa, wato raƙuma, ta durƙusa nan ne gida. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so inuwar jar laimar nan ba.

Da ya shekara a cikinsu, sai yayan Tekna, shugaban dangin, wanda ake kira Gumar, ya ɗauke shi su biyu suka nausa cikin hamada. Suka isa wani fili shafe da ba ya da alamar komai. Gumar ya durƙusa ya share yashi da hannu, sai ga busasshiyar fatar raƙumi a shimfiɗe bisa itatuwa. Ya ɗaga gefenta, sanyin ruwa ya bugi fuskar Barmo.

Gumar ya ce, "Wannan rijiya ita ce ganuwarmu. Mahara ba sa iya ƙetare wannan hamada su zo mana, don sun ɗauka babu ruwa a tsakiyarta. Ran da aka san da ita, hanya ta buɗe, mu kuma ƙasar nan ta fi ƙarfinmu. Mijin ƙanwata, ka rantse ba baƙon da zai sha a nan ta hannunka. Ran da ka saɓa, ran nan Tekna za ta naɗe laimarta."

Barmo ya rantse da Allah, da gishirin da ya ci a gidansu. Ya yi rantsuwar da zuciya ɗaya, don a ganinsa ba mahalukin da zai taɓa biyowa ta nan.

Aka yi shekaru. Wata bazara, irin wadda ƙadangare ma ke tafiya yana ɗaga ƙafa, Barmo ya biyo sawun jimina har ya ɓullo filin nan da rana tsaka. Sai ya hango wasu baƙaƙen abubuwa a zube. Da ya matsa, sai ya ga mutane ne, maniyyata masu zuwa Makka da ƙafa, maza da mata har da goyo. Jagoransu ya mutu a hanya, sun ɓace, salkunansu sun bushe sun ƙanƙance. Ba wanda ya iya ɗaga kai sai wani tsohon malami, leɓɓansa duk sun tsage.

Tsohon bai roƙi ruwa ba. Ya ga maharbi da 'yar salka ɗaya, ya san ba za ta jiƙa ko harshen yara ba. Da ƙyar ya ce, "Ɗana, rana ta tsaya a ka, mun rasa gabas. Nuna mana alƙibla mu juya fuskokinmu, shi ke nan abin da ya rage."

Barmo ya nuna masa. Tsohon ya yi godiya, ya buga tafukansa a yashi zai yi taimama. Barmo ya tsaya cak, domin inda tsohon ya buga, nan ne daidai bakin rijiyar. Tsakanin tafinsa da ruwa ba komai sai ɗan yashi da fatar raƙumi.

Masu tarihi sun ce Barmo ya juya ya tafi. Ya yi nisa har mutanen suka koma ɗigo-ɗigo a bayansa. Yana tafe yana ganin Tekna tana kaɗa nono a ƙofar laima, yana jin abin da za ta ce in ta ga ya dawo ba jimina. Ya gaya wa kansa ba shi ya ɓatar da su ba, kuma rantsuwa rantsuwa ce. Sai iska ta kawo masa kukan jariri, siriri, wanda ba hawaye a cikinsa. Ƙafar nan da ba ta taɓa komawa baya ba, ranar ta koma.

Ya ce, "Malam, ɗan matsa." Ya share yashi, ya sa wuƙa ya farke fatar. An ce ruwan bai jira guga ba. Ya taso a hankali yana numfashi har ya cika baki, ya malalo ya jiƙa gwiwoyin masu jiran mutuwa. Suka sha, suka yi kuka, suka yi alwala, suka sa masa albarka har muryoyinsu suka dushe. Shi kuwa yana tsaye yana kallon ruwan yana bin yashi, ya san abin da ya zubar.

Ruwan bai koma ba. Kafin maniyyatan su samu ƙarfin tashi, tsanwar ciyawa ta kewaye wurin, ana hango ta daga nesa. Gumar ya iso da mazan dangin, ya daɗe a kan raƙuminsa bai sauko ba.

Barmo ya ce, "Yaya Gumar, na saɓa. Ga wuyana."

Gumar ya ce, "Me zan yi da wuyanka? Da ni na tarar da su, ban san abin da zan yi ba, Allah bai jarrabe ni ba. Amma waɗannan za su ba da labari a kowane zango, mutane za su shigo hamada da rabin salka saboda sun ji akwai ruwa. In suka zo suka tarar yashi ya cinye ta, kai ka kashe su. Ka cire murfi, to kai ne murfin. Zauna ka tare mata yashi. Mu za mu yi gabas tun mahara ba su ji ba."

Tekna ta zo a ayarin masu ƙaura, laimarta a naɗe bisa farar taguwa. Ta sauko ta tsaya gabansa, wannan karon ba dariya.

Ta ce, "Da ka wuce su ka kawo mini nama, da ban ƙara cin abin hannunka ba."

Ya ce, "To ki zauna."

Ta ce, "Inna ba ta gani, Barmo. Hannuna ne idonta. Kuma ni ka jingina a rantsuwarka, ba kanka ba."

Ya ce, "Sai yaushe?"

Ta gyara masa wuyan riga, ta hau taguwarta, ya bi su da ido har zafin rana ya narkar da su.

Haka mai kwana inda jimina ta gaji ya koma mai gadin rami. Kullum da safe ya kwashe yashin da iska ta tara, kafin yamma wani ya taru. Bakansa ya bushe ya tsage, gara ta ci kan burtu. Mahara kuwa sun zo kamar yadda Gumar ya faɗa, suka sha suka wuce, suka tarar dangin sun tashi, sai kufai. Bayansu ayarin gishiri ya fara biyowa, sai Fulani da jajayen shanunsu masu dogon ƙaho, sai Tubawa, sai wani Babarbare da ya zo da 'ya'yan dabino a cikin tsumma mai laima ya dasa. Wata mai cuku ta kafa rumfa, maƙeri ya kafa tasa, aka jera duwatsu aka ce nan ne masallaci. Harsuna suka cakuɗe a bakin rijiya, kowa na kiran guga da sunan da uwarsa ta koya masa.

Kowa ya yi ɗaki ban da Barmo. Sau da yawa mutane kan ce, "Baba, bari mu kafa maka ko 'yar bukka ce, rana za ta gama da kai." Sai ya ce, "Ina da ɗaki, yana hanya." Suka gaji suka ƙyale shi, wasu na cewa rana ta riga ta taɓa shi.

Da gaskiyarsu ta wani wajen. Kullum in rana ta take, kawalwalniya kan shimfiɗa tafki a gabas, mai sheƙi, har da inuwar itatuwan da babu su. A cikin tafkin nan Barmo kan ga farar taguwa tana tafe bisa ruwa da jan kaya a bayanta. Da fari yakan tashi da gudu, sai ta watse tun bai kai ko'ina ba. Daga baya ya daina tashi. Yakan zauna kawai ya kalle ta, ya ce mata sannu da hanya, har ta narke. Kewa ta ci shi, ta ci shi har ta zama abokiyar zamansa, gemunsa ya yi fari fat.

Wata rana taguwar ta fito daga tafkin kamar kullum, ya ce mata sannu da hanya. Ba ta narke ba. Ta yi ta girma har ya ji ƙarar takunta, ta zo ta durƙusa gabansa tana gurnani. Wani tsoho ne riƙe da akalarta, ya ja rawani har ƙasan ido. Sai da ya yi sallama Barmo ya gane muryar Gumar.

Barmo ya leƙa bayan taguwar. Ba kowa, sai laima a naɗe.

Gumar ya ce, "Inna ta yi tsawon rai, Tekna na riƙe da hannunta har ƙarshe. Muna gama zaman makoki ta fito da laimar nan tana ɗinke inda ta yage, tana cewa tafiya gare ta. Ba ta gama ɗinkin ba zazzaɓi ya kwantar da ita." Sannan ya ce, "Ta ce in kawo maka da hannuna. Ta ce in gaya maka, ka daɗe a rana."

Barmo ya yi salati. Ya sauke laimar ya warware ta, ya ɗaga wannan turke ya ajiye, ya ɗaga wancan. Mutumin da ya kashe zaki shi kaɗai bai san yadda ake kafa ɗakinsa ba, don bai taɓa ganin ranar da ba Tekna ce ta kafa ba. Matan garin ne suka ajiye tulunansu suka zo, Bafulatana da Batuba da Bahaushiya, suka ƙarasa ɗinkin, suka kafa ta a gefen rijiya. Ya sunkuya ya shiga, jar inuwa ta rufe shi, aka ji tsoho yana kuka kamar yaro. Bai shekara a cikinta ba Allah ya karɓi abinsa.

Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Bamurfi. Masu ba da tarihin sun ce har yanzu rijiyar a buɗe take, kuma dattijon da ke kwashe mata yashi kowace safiya Murfi ake ce masa. A gefenta akwai jar laima da matan gari ke sabuntawa in ta tsufa, ba ta kowa ba ce sai wanda hamada ta jefo. In baƙo ya iso, ba a tambayar sunansa ko yarensa. Mace ce za ta fito ta miƙa masa ƙwaryar ruwa, ta ɗaga masa bakin laimar ta ce, "Shigo, ka daɗe a rana."