Tudun Tunku

Akwai wani dattijo da ya shekara ashirin da biyu yana ɗana nakiya a kamfanin fasa dutse. Baba Jiniya ake ce masa, don shi ke busa jiniya kafin dutse ya tashi. Aikin ya cinye masa kunne ɗaya, amma idonsa ras.

Bayan gidajen ma'aikata akwai wani tudun duwatsu mai sarƙaƙiya, an zagaye shi da farin fenti. Tsohon manaja ne ya shata, ya ce ko guduma kada a ɗora masa. Tunku ne cike a ciki, ga mujiya a kogo. Su ke cinye ɓeraye da macizai, shi ya sa yara ke yawo ba takalmi.

Sai aka kawo sabon manaja. Ranar farko ya tsaya gaban tudun, hannu a ƙugu.

"Wannan dutsen uban me yake jira?"

Baba ya ce, "Yallaɓai, gidan tunku ne."

"Tunku? Da shi aka kafa kamfanin?"

Direbobin tifa suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya shiga ciniki kamar mai sayen akuya.

"Fasa yamma, ka bar musu gabas."

"Duka."

"To, bar musu kogon kawai."

"Na ce duka."

"Yallaɓai, ko wata biyu ne. Yanzu suke shayarwa."

"Tsoho, ko ka ɗana nakiya ranar Laraba, ko ka ajiye hular kamfani da makullin gida."

Da Baba ya koma gida, matarsa na wanke-wanke, ta ce, "Malam, yara shida. A ramin tunkun za mu kwana?"

Ranar Laraba Baba ya ɗana nakiyar da hannunsa. Jiniyar da ake busawa sau uku, sau tara ya busa, ko Allah zai sa su gudu. Wasu sun gudu. Masu shayarwa ba su bar ramukansu ba. Da ƙura ta lafa ya bi yana tsince su, ya haƙa rami ya rufe. Ranar ko loma bai kai baki ba.

Kafin damina ta raba, ɓeraye sun cika ɗakunan girki, suna cin sabulu, suna cin wayar injin niƙa dutse. Macizai suka biyo ɓeraye. Aka kashe kububuwa a sito, aka kashe wata cikin takalmin mai walda. Baba ya je ofis ya faɗa. Manaja bai ko ɗaga kai ba, ya ce a zuba guba. Guba ta kashe kajin mata da ragowar mujiyoyi, macizai suna nan.

Gidan manaja shi ne na ƙarshe a layi, daf da inda tudun yake a da. Wata safiya 'yar autarsa mai shekara biyar ta bi ƙwallonta bayan duron ruwa. Ƙara ɗaya ta yi, maciji ya sare ta a ƙafa.

Baba ne ya fara isa. Ya sungume ta, ya tare tifa cike da tsakuwa, suka nufi asibiti. Yarinya ta rayu. Ƙafar ce likita ya ce ba yadda za a yi, aka yanke daga gwiwa.

Bayan sati uku manaja ya zo ƙofar Baba, ya rame, ya durƙusa kusa da tabarma.

"Baba, ya ake mayar da tudu?"

"Ba a mayarwa, yallaɓai. Sai dai a gina wani, a jira."

Suka fara. Manyan duwatsun da injin ya ƙi, katafila ta tara su tsibi-tsibi, aka bar ramuka a tsakani. Ƙasar sama da aka kankare aka jibge gefe, aka dawo da ita aka shimfiɗa, ciyawa da ƙaya suka fito. Tsohon ramin da ruwa ya taru a ciki aka sassauta bakinsa don dabba ta sha ta fita. Aka hana guba. Manaja da kansa ya riƙe gwangwanin farin fenti.

Damina ɗaya ta wuce, shiru. Ta biyu ma ta kusa ƙarewa.

Wata ranar hutu autar na zaune a ƙofa, sandunanta a gefe, ubanta a bayanta, Baba na tsaye kusa. Ta nuna duwatsu.

"Baba Jiniya, mene ne wancan mai dogon bindi?"

Baba ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Mai gadinku ne, 'yata. Ya dawo aiki."

Manaja ya dubi ƙafar wandonta da aka naɗe da fil. Ya tashi ya shige ciki.

Darasi: Duk cinikin da za ka sayar da mai tsare maka ƙofa, ko nawa aka taya, faɗuwa ce. Masu fasa dutse, ku bar wa dabbobi wurinsu, inda kuka gama haƙa kuma ku gyara musu. Kada ka karanta ka wuce, tura wa wanda ka san yana da katafila a hannu.