Ramin Ƙarshe na Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta!

Kura ta kira Gafiya ta ce, "Haƙa mini ɗaki ɗaya na gwaji. In ya yi, na ɗauke ki aiki na dindindin."

Gafiya ta haƙa. Kura ta ce, "Ƙara ɗaya mu gani." Haka azzalumar ta yi ta yi har ɗaki bakwai, abinci kuwa sai ƙanzo.

Gafiya ta ce, "Ranki ya daɗe, maganar ɗaukata fa?"

"Wace ɗauka? Gida ya kammalu, me za ki haƙa kuma?"

Gafiya ta cije leɓe. "Saura rami ɗaya."

Ta haƙa shi daga ɗakin Kura har bakin kogi. Damina na faɗuwa, kogi ya cika, ruwa ya biyo ramin ya tare a gidan Kura dindindin.

Ƙurunƙus, kan Kura, ba nawa ba!