Wayar Tabawa Mai Awara

Wata rana a bakin tashar wani gari, wani ɗan sanda, Kofur Ɗanlami, ya sharara wa Baba Tsalha mai tura baro mari, wai bai kauce masa da wuri ba. Tabawa mai awara tana gefe, ta ɗauki abin tsaf a wayarta. Washegari ta raka tsohon caji ofis kai ƙara.

DPO ya ce, "Ba na karɓar ƙara sai da shaida. Amma ku sani, na hana kowa ɗaukar yarana bidiyo suna bakin aiki. Duk wanda ya ɗauka, a bayan kanta zai kwana. To, ina shaidarku?"

Baba Tsalha ya ce, "'Yata, tashi mu tafi, na bar wa Allah."

Tabawa ta ce, "Tsaya, Baba. Yallaɓai, ni ban yi boko ba, a fahimtar da ni. Marin tsoho yana cikin aikin ɗan sanda?"

"Wane irin zance ne wannan? Ba ya ciki!"

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan!"

"Alhamdu lillahi," in ji Tabawa, ta ajiye wayar a kan tebur. "Ashe ban ɗauki ɗan sanda yana aiki ba. Sai da ya ajiye aikin ya ɗaga hannu sannan na danna. In kuwa an sa mari cikin aikin ne, Yallaɓai ya faɗa, in shiga bayan kantar da ƙafata."

DPO ya kalli bidiyon, ya sosa ƙeya, ya sa aka kira Ɗanlami, ya daka masa tsawa: "Kofur! Cire hularka, wuce ciki!"

Tabawa ta ɗauke wayarta ta soke a zani. "Wannan kam ba zan ɗauka ba, Yallaɓai. Yanzu ne ake aiki."